Daga gefen gadon mara lafiya zuwa kujerar ofis: lada ko hisabi?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani, ya sanya kula da raunana ta zama hanyar samun yardarsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wata baiwar Allah ce ta aiko mana da tambaya, muka ga ya dace a amsa ta a fili, domin amsar ta shafi jama'a da yawa. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta yi fiye da shekara 20 tana aiki. Ta fara a wani gidan likita na ƙauye, inda ita ce mai allura, ita ce mai wankin miki, ita ce kuma mai karɓar haihuwa idan dare ya tsala. Daga baya aka maido ta babban asibiti, ta zama majo a ɓangaren yara. Yanzu an yi mata tayin muƙami a ofis, inda za ta shugabanci ma'aikatan jinya masu yawa, ta kuma zauna cikin masu tsara manufofin kiwon lafiyar jama'a. Ta ce abu biyu ne suka hana ta barci. Na farko, tana tsoron ta bar ladan da ta san yana gefen gadon mara lafiya, ta koma jujjuya takardu. Na biyu, ta sha jin malamai suna faɗin gargaɗin da Manzon Allah (SAW) ya yi game da shugabanci. To, ta karɓa ne ko ta ƙi?

Mene ne wannan aiki?

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimce shi. Saboda haka bari mu fara da sanin aikin kansa. Shugaban ma'aikatan jinya shi ne ke tsara wa zai kwana a ɗakin marasa lafiya daren yau, wa zai huta. Shi ne ke ba da shawarar wa za a tura gidan likitan da ke can arewacin Dakoro ko Tanut, inda babu wuta kuma ruwa sai an yi tafiya. Shi ne ya kamata ya tuna, tun kafin damina ta sauka, cewa daga Agusta zuwa Oktoba masassarar cizon sauro da tamowa za su cika gadajen yara, don haka a ƙara hannu, a kuma kai magani kafin ruwa ya yanke hanyoyi. Shi ke bin diddigin firjin da ake ajiye alluran rigakafi, domin allurar da ta sha zafi ta tashi daga aiki. Shi ke tattara rahoton wata, shi ke tsawata wa ma'aikacin da ya wulaƙanta mara lafiya, shi ke kuma tsayawa gaban manya ya ce ga abin da ya ƙare.

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, an ƙiyasta cewa ma'aikatan jinya a duniya sun kusa miliyan 28, wato kashi 59 cikin 100 na ƙwararrun ma'aikatan lafiya, kuma duk da haka akwai giɓin kusan miliyan 6, mafi yawansa a ƙasashe matalauta. A ƙasarmu kowa ya san cewa a yawancin gidajen likita na karkara ba a ganin babban likita. Ma'aikacin jinya shi ne farko, shi ne ƙarshe. Ashe ke nan wanda ke tsara aikin waɗannan bayin Allah yana riƙe da igiyar rayukan dubban mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba.

A shari'a, kare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da addini ya zo ya tsare, kuma Imamu Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda idan kowa ya bar su al'umma duka ta yi laifi. Akwai kuma ƙa'idar da malaman usulu suka kafa, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma ya zama wajibi. Jinya ba ta cika sai da tsari. Idan babu mai tsara kwanan dare, wata rana mai naƙuda za ta zo ta tarar da ƙofa a rufe. Don haka tsara jinya yana cikin jinya, kuma hukuncinsu ɗaya.

Abin da tarihi ya nuna

A zamanin Manzon Allah (SAW) akwai sahabiya Rufaida, daga ƙabilar Aslam, wadda ke da tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda aka ji wa rauni. Lokacin da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya yi umarni a sa shi cikin tantin Rufaida domin ya riƙa duba shi daga kusa. Ku lura, ƴan'uwa: akwai wuri sananne, akwai mai kula da wurin, akwai kuma shugaba da ya ce a kai wane can. Wannan shi ne tushen abin da muke kira tsari a yau.

Ba laifi kuma mu ɗauki darasi daga wata al'umma. Turawan Ingila suna da wata mata, Florence Nightingale, wadda ta tafi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya a 1854. An san ta da zagaya ɗakunan majinyata da fitila cikin dare. Amma mafi girman aikinta ta yi shi ne bayan ta koma gida a 1856, da alƙalami da lissafi. Ta tattara adadin mamata, ta nuna wa hukuma cewa mafi yawan sojojin cututtukan da ke bin ƙazanta da cunkoso ne suka kashe su, waɗanda raunin yaƙi ya kashe kaɗan ne a kansu. Aka gyara tsarin asibitoci da barikoki, ta kuma buɗe makarantar koyar da jinya a Landan a 1860. Waɗanda takardunta suka zama sanadin tsirarsu sun ninka waɗanda hannunta ya taɓa.

Mu dawo gida. Manyanmu ba su manta ba da shekarun da suka biyo bayan shirin Bamako na 1987, lokacin da aka fara karɓar kuɗi hannun mara lafiya domin a riƙa sake sayen magani, ga kuma karyewar darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, da ta sa magani ya yi tsada. Uwa kan riƙe yaro a gida yana zafin jiki har kwana uku, domin babu abin biya. Daga baya aka gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, aka raba gidajen sauro, sannan a 2006 aka ɗauke biyan kuɗi ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa mutuwar yara ƙanana a Nijar ta sauko daga 226 cikin kowane 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Rai a hannun Allah yake, amma Allah ya sanya sababi, kuma wani ɓangare na wannan sababi a kan tebur aka rubuta shi.

Sai dai alƙalamin nan kaifi biyu gare shi. Bayan an ce magani kyauta ne, gidajen likita da yawa sun yi watanni, wasu har shekaru, suna jiran a maido musu da kuɗin abin da suka kashe. Ma'ajiyar magani ta bushe, aka koma miƙa wa uwa takarda a ce ta je waje ta saya. Wanda ya ajiye takardar biyan kuɗi a cikin durowa bai ga yaron da aka mayar gida ba magani ba, amma Mala'iku masu rubutu sun gani. Wannan shi ne nauyin kujera: alheri da sharri duka suna yaɗuwa daga gare ta ba tare da mai zama a kanta ya ji kukan kowa ba.

Tsakanin Abu Zarri da Annabi Yusufu

Tsoron da ƴar'uwarmu ta ambata yana da tushe. Ya tabbata cewa Abu Zarri (RA) ya roƙi Annabi (SAW) ya ba shi wani muƙami, sai ya nuna masa cewa yana da rauni, muƙami kuwa amana ne da kan zama nadama ranar alƙiyama, sai ga wanda ya karɓe shi da cancanta kuma ya sauke abin da ke kansa. Abu Zarri kuwa babu mai shakkar imaninsa da gaskiyarsa. Ashe tsoron Allah shi kaɗai bai isa ya sa mutum ya dace da shugabanci ba.

A gefe guda kuma, Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yusufu (AS), wanda da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, ya kafa hujja da cewa shi mai tsarewa ne kuma masani. Ya ga yunwa na tafe, ya san babu wanda zai iya riƙe rumbunan kamar shi, don haka bai ɓoye kansa ba da sunan tawali'u. Haka kuma a Suratul Ƙasas an ambaci siffa biyu na wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki, ƙarfi da amana.

Malamai sun haɗa waɗannan nassoshi da cewa hukuncin yana sauyawa gwargwadon halin mutum. Wanda ya san ba zai iya ba, ko ya san zuciyarsa mota da gida take hange, to ya nisanci kujera. Wanda aka nema bai nema ba, yana da sani da gogewa, kuma ya san idan ya ƙi za ta faɗa hannun wanda zai ɓata ta, to karɓa gare shi ta fi, wani lokaci ma takan zama wajibi. Gudun muƙami a irin wannan hali kan zama son hutu ne da ya sa rigar tsoron Allah. Idan duk masu amana suka ce su dai a bar su a gefen gado, to wa ya rage ya riƙe makullin ma'ajiyar magani?

Jarrabawa uku da ke jiran mai kujera

Ta farko ita ce karo tsakanin tausayi da adalci. A gefen gado waɗannan biyun tafiyarsu ɗaya: ga mara lafiya, ka taimake shi. A ofis kuwa sukan rabu. Ga wata matashiyar ungozoma ta shigo tana kuka, tana roƙon kada a tura ta ƙauye, mijinta yana birni, ƴaƴanta suna makaranta. Hawayenta na gaske ne. Amma a can ƙauyen akwai mata masu ciki da ba su da mai karɓar haihuwa, kuma babu ɗayarsu da za ta iya zuwa ofis ta yi kuka. Idan shugaba ya bi fuskar da ke gabansa kawai, to kullum wanda ke nesa ne zai biya. Adalci a nan shi ne a kafa ƙa'ida sananna ga kowa: shekara nawa ake yi a karkara, wa ke bin wa, wane uzuri ake karɓa, sannan a bi ta a kan ƴar minista kamar yadda ake bin ta a kan ƴar manomi.

Mai yiwuwa wani ya ce: ashe ba addini ne ya yi umarni da sada zumunta da fifita makusanta ba? Haka ne, amma daga aljihunka. Albashinki naki ne, ki ba ƙanwarki yadda kika so. Gurbin aiki, da kujerar ƙaro ilimi, da maganin gwamnati kuwa dukiyar jama'a ce da aka ba ki ajiya, kuma ba a yin kyauta da kayan ajiya. Mun san yadda fuskar Annabi (SAW) ta sauya lokacin da Usama ɗan Zaidu, duk da irin son da yake masa, ya zo neman sassauci ga wata mata ƴar babban gida daga Banu Makhzum. Mun kuma san yadda ya tsawata wa ma'aikacin zakka da ya dawo yana ware wani kaso da sunan kyauta ce aka yi masa, ya nuna cewa da yana zaune gidan iyayensa babu mai kawo masa ita. Duk buhun shinkafa ko ambulan da ya zo daga mai neman kwangilar magani, a auna shi da wannan ma'auni.

Ta biyu ita ce gaskiya a cikin lissafi. Mai kujera yana rayuwa ne cikin adadi: yara nawa aka yi wa rigakafi, mutum nawa suka kamu, nawa suka rasu. Akan so a kumbura adadin farko domin a faranta wa masu ba da tallafi, a rage na ƙarshe domin kada ran manya ya ɓaci. Wannan shaidar zur ce, ko da babu alƙali a wurin. Cutar sanƙarau ta koya mana haka. Ita ba ta jira. Idan aka ɓoye mutum goma na farko a wata gunduma, kafin a farga an makara. A 1996 annobarta ta kama mutum kusan 250,000 a ƙasashen yankinmu, ta kashe kimanin 25,000. An samu sauƙi mai yawa bayan sabuwar allurar da aka fara yi a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010, amma a 2015 wani nau'in ya sake ɓarkewa, ya yi ɓarna a Yamai da kewaye, har aka tarar da alluran jabu suna yawo. Rahoton gaskiya da aka aika a kan lokaci yakan zama sanadin tsirar gari guda. Wanda ya riƙe shi domin tsoron kujerarsa, to ya sayi kwanciyar hankalin wata ɗaya da rayukan mutane.

Ta uku ita ce mantuwa, kuma ita ce mafi ɓoyuwa. Shekara ɗaya cikin ofis mai sanyi, daga wannan taro zuwa wancan, sai mutum ya manta warin ɗakin majinyata, ya manta yadda ma'aikaci ɗaya ke tsayuwa a kan gado talatin daga magariba zuwa asuba. Daga nan sai ya fara rubuta dokokin da ba za su biyu ba, ya kuma hukunta ƙananan ma'aikata a kan rashin abin da shi ne bai aiko ba. An ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda aka ɗora wa al'amarin Musulmi sannan ya sa shamaki tsakaninsa da buƙatunsu. Maganin wannan shi ne ƙafa. Shugaba ya sanya wa kansa ranar da zai shiga ɗakin marasa lafiya ba tare da sanarwa ba, ya je ƙauye cikin damina, ya zauna ya saurari mai shara da mai gadi, domin sukan san abin da rahoto bai faɗa ba.

Darasin Sayyidina Umaru

Lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umaru (RA) yana kan hanyarsa ta zuwa can sai labari ya riske shi a wani wuri da ake kira Sarg. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira Muhajirai, suka saɓa. Ya kira Ansaru, su ma suka saɓa. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka ba da shawarar a koma. Da ya yanke cewa za a koma, Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ake yi. Sai Umaru ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga misali da makiyayin da ya iske kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ne, amma mai hankali ya san inda zai kora. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana fita daga cikinta. Ga shawara, ga yanke hukunci, ga jure wa suka daga mutumin kirki, ga kuma komawa ga ilimi. Duk mai tsara manufar lafiyar jama'a yana buƙatar waɗannan huɗu.

Mun ga abin da rashin shawara da jama'a ke jawowa. A 2003 wasu jahohin arewacin Najeriya sun dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin da ya yaɗu, mutane kuwa ba su manta ba da gwajin wani magani da aka yi a kan yara a Kano a 1996. Kafin a ci gaba a 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, mu ma maƙwabta ba mu tsira ba. Abin bai daidaita ba sai da aka zauna da malamai da sarakuna, aka saurari tsoron mutane, aka amsa shi. A 25 ga Agusta 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar wannan cuta. Ma'aikaciyar jinyar da ta shekara 20 tana magana da iyaye mata ta san wannan darasi tun kafin a rubuta shi, kuma wannan shi ne babban abin da za ta kai teburin manya.

Namu rabon

Ya ku jama'ar masallaci, kada mu ɗauka wannan magana ta ma'aikatan lafiya ce kawai. Sau da yawa mu ne ke ɓata su. Ranar da aka naɗa ɗan unguwarmu, mu ne ke cika ƙofar gidansa, wannan da takardun ɗansa, wancan da roƙon a maido da ƴarsa birni. Idan ya tsaya a kan ƙa'ida mu ce ya yi girman kai, ya manta da mafari. Idan ya sauka daga kujera bai gina bene ba mu ce ba shi da wayo. To, da wane baki za mu zargi asibiti ranar da muka kai mara lafiya muka tarar babu kowa? Mu taimake su da barin roƙon abin da ba haƙƙinmu ba ne, mu yi musu addu'a, mu ba ƴaƴanmu mata damar karatun jinya da ungozomanci har zuwa matakinsa na sama, domin matanmu su sami mata ƴan'uwansu masu duba su da masu tsaya musu a inda ake yanke shawara.

Amsa ga mai tambaya

Ke kuma ƴar'uwa, ki yi istihara, ki shawarci waɗanda suka san ki kuma ba sa jin nauyin faɗa miki gaskiya. Ki tambayi kanki: zan iya cewa a'a ga yayana? Zan iya sa hannu a kan rahoton da zai ɓata ran wanda ya naɗa ni? Zan iya sauka ranar da aka ce in yi abin da Allah ya hana? Idan kin sami amsa mai kyau a zuciyarki, ki karɓa, kada ki ji tsoron raguwar lada. Ayyuka suna bin niyya, kuma wanda ya zama sanadin alheri yana da rabo cikin ladan wanda ya aikata shi. Duk allurar da aka yi a kan lokaci saboda tsarinki, duk daren da mai naƙuda ta tarar da ƙofa a buɗe, akwai rabonki a ciki in Allah ya yarda. Shugaba mai adalci shi ne na farko da aka ambata cikin mutum bakwai da za su shiga inuwa ranar da rana za ta matso. Amma ki sani hisabi ma ya faɗaɗa daidai da faɗin ladan. Idan kuwa kin ga ba za ki iya ba, to zamanki a gefen gado ba kasawa ba ce, kuma Abu Zarri bai ragu da komai ba a wurin Allah don bai riƙe muƙami ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙarfafa hannun masu jinya da dare da rana. Allah ya ɗora mana masu tsoronsa a kan al'amuranmu, ya sa mu sauke amanar da ke wuyanmu kafin ranar da za a tambaye mu. Amin.